Nitoron, ɗan ba-ruwanmu da ya sa uraniyom ya yi daraja

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Tawa, ta ratsa Abalak da Agadas, ta dangana da Arlit, ya san sunan da aka laƙaba mata: hanyar uraniyom. Shekara da shekaru manyan motoci sun yi ta gangarowa a kanta ɗauke da gangunan ƙarfe cike da wani gari rawaya, su nufi Kwatano, daga can jirgin ruwa ya kwashe su zuwa Faransa. Garin nan ba ya ci da wuta kamar gawayi, ba a ƙera hauya da shi, ba a yi wa amarya ado da shi kamar zinariya. Amma saboda shi aka kafa birni a tsakiyar hamada, aka shimfiɗa kwalta ta ɗaruruwan kilomita. To, mene ne masu saye suke biya?

Amsar tana cikin wata ƴar ƙwaya wadda ido bai taɓa gani ba, wadda masana kimiyya suka sa wa suna nitoron. Ma'anar sunan kuwa ita ce wanda ba ya ɓangaren kowa. Masu sauraren labarun duniya sun saba jin ana cewa ƙasashe ƴan ba-ruwanmu, watau waɗanda suka ƙi bin Gabas suka ƙi bin Yamma. Nitoron ma ɗan ba-ruwanmu ne, sai dai nasa rashin ɓangaren ya shafi lantarki ne. Wannan hali shi ya ɓoye shi ga masana shekaru da yawa, shi ne kuma ya ba shi ikon shiga inda sauran ƙwayoyi ba su iya shiga.

Abin da ke cikin ƙwayar zarra

Kowane abu na duniya, ruwa ne ko ƙarfe ko iska ko jikin mutum, an gina shi da ƙwayoyin zarra. Ƙanƙantarsu ta kai a jera miliyoyi a tsawon milimita ɗaya. Ita kanta zarrar ba dunƙulalliya ba ce, galibinta fili ne. Tana da cibiya a tsaka, wadda ta tattara kusan dukan nauyinta, ga kuma waɗansu ƙwayoyi marasa nauyi da ake kira elektoron suna kewaye da ita daga nesa. Da za a kumbura zarra ɗaya ta kai girman filin wasanni na Seyni Kountché da ke Yamai, cibiyarta ba za ta wuce ƙwayar gyaɗa da aka ajiye a tsakiyar filin ba.

Wanda ya taɓa sa wa rediyo pil ya ga alamu biyu a kawunansa, ta ƙari da ta ragi. Lantarki iri biyu ke nan. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce: iri ɗaya suna ture juna, iri dabam suna jan juna. Elektoron yana ɗauke da na ragi. A cikin cibiya akwai poroton, mai ɗauke da na ƙari, wanda ya fi elektoron nauyi sau 1,836. Yawan poroton shi ne ke ba abu sunansa: mai 1 idorojen ne, watau iskar nan da ke cikin ruwan sha, mai 26 baƙin ƙarfe, mai 79 zinariya, mai 92 uraniyom.

A nan hankali zai tsaya. Idan iri ɗaya suna ture juna, ƙaƙa poroton 92 za su zauna a cushe wuri ɗaya? Akwai wani ƙarfi dabam mai ɗaure ƙwayoyin cibiya, wanda ba ya aiki sai an matsu ƙwarai. Nitoron yana ƙara wannan ɗauri, alhali kuwa ba ya ƙara turereniya, tun da ba ya ɗauke da lantarki. Kamar dattawa ne da ake zaunarwa tsakanin magada ranar rabon gado: gwargwadon yawan magada, gwargwadon yawan dattawan da ake bukata. Cibiyar uraniyom tana bukatar fiye da 140, kuma duk da haka zaman nata na doya da manja ne.

Shekara goma sha biyu ana nema

Tun 1920 Ernest Rutherford, wanda ya gano cibiyar zarra a 1911, ya faɗa a gaban taron masana a London cewa lalle akwai wata ƙwaya mai nauyin poroton wadda ba ta da lantarki. Faɗa ba wuya, kamawa ce aiki. Dukan na'urorin wancan zamani da lantarki suke gane ƙwaya: mai lantarki in ta ratsa iska tana barin sawu, maganaɗisu kuma yana karkata ta. Mara lantarki ba ya barin sawu, ba ya karkata. Mafarauci ne aka aika ya bi dabbar da ba ta taka ƙasa.

Wanda ya ɗauki wannan farauta shi ne James Chadwick, almajirin Rutherford a Kambirij ta Ingila. Mutum ne da ya san haƙuri. Yaƙin duniya na farko ya rutsa da shi yana karatu a Jamus, aka tsare shi shekara huɗu a wani sansani da aka yi a bargar dawakin sukuwa kusa da Balin, a can ma bai bar gwaje-gwaje da ɗan abin da ya samu ba.

A 1930 waɗansu Jamusawa biyu, Bothe da Becker, suka harbi wani ƙarfe mara nauyi, beriliyom, da ƙwayoyin da ke fita daga poloniyom. Sai wani abu ya fito mai ratsa darma mai kauri. Suka ɗauka wani irin haske ne mai ƙarfi, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. A watan Janairu na 1932, a Paris, Irène Curie da mijinta Frédéric Joliot suka sa kakin da ake yin kyandir da shi a gaban wannan abu, suka ga yana fizgo poroton daga cikin kakin da gudu mai tsanani. Su ma suka ce haske ne. Nitoron ya zo har hannunsu, ba su gane shi ba.

Da labari ya kai Kambirij, Rutherford bai yarda da fassarar ba, Chadwick ma haka. Dalilinsu kowane yaro ya san shi: in aka jefi goruba da tsakuwar yashi ba za ta motsa ba, sai an jefe ta da goruba ƴar'uwarta. Abin da ya iya ture poroton haka dole nauyinsa ya yi kusa da na poroton. Chadwick ya duƙufa wajen mako biyu, dare da rana, yana auna yadda abin ke ture ƙwayoyi iri-iri, ya lissafta nauyinsa, ya aika da sakamako a watan Fabrairu na 1932. An ba shi lambar Nobel a 1935. A shekarar nan kuma Irène da Frédéric suka karɓi tasu saboda wani binciken dabam, abin da ya rage musu zafin rashin na farko.

Yau an san nitoron ya ɗara poroton nauyi kaɗan. An kuma gane cewa rashin lantarkinsa ba na wanda ba shi da kome ba ne. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi uku da ake kira kuwak: ɗaya na da sulusi biyu na ƙari, biyu kowanne na da sulusi ɗaya na ragi. In an haɗa, babu saura, kamar ɗan kasuwar da bashin da ake binsa ya yi daidai da wanda yake bi. Wani abin mamaki, nitoron da ke cikin cibiya mai zaman lafiya ba ya tsufa, amma in ya fito shi kaɗai, kimanin minti 15 ne matsakaicin kwanansa. Daga nan sai ya rikiɗa ya zama poroton, ya tofar da elektoron da wata ƙwaya daga dangin nitirino.

Nitirino shi ne ƙanen da ya fi yayansa ba-ruwanmu. Wolfgang Pauli ya yi hasashensa a 1930, ba a kama shi ba sai 1956, a gefen wata tukunyar nukiliya a Amurka. Rana tana zubo shi ba fasawa: a kowane sakan fiye da miliyar 60 suna ratsa wuri mai faɗin farcen yatsa, su shige duniya su fita ta ɗaya gefen. Da dare ta ƙarƙashin ƙafafu suke ɓullowa. Ba su cutar da kowa.

Mai tafiya sannu

Da aka sami nitoron, masana suka ga sun sami mabuɗi. Duk ƙwayar da ke da lantarkin ƙari, in ta doshi cibiya, tun daga nesa ake ture ta. Nitoron kuwa babu mai gadin da ya san shi, kai tsaye yake shiga.

Enrico Fermi da abokan aikinsa a birnin Roma suka shiga harbin abubuwa da shi ɗaya bayan ɗaya. A watan Oktoba na 1934 suka lura da abin da ya ɗaure musu kai: gwaji ya fi ƙarfi a kan teburin katako bisa na dutse. Fermi ya sa kaki tsakanin mafitar nitoron da azurfar da suke harbi. Maimakon kakin ya rage aikin, sai ya riɓanya shi ninki-ba-ninki. Suka sake gwadawa a cikin ruwan tafkin ado da ke lambun makarantarsu, abin bai sāke ba. Kaki da katako da ruwa duk cike suke da idorojen, wanda cibiyarsa poroton ɗaya ce tak. Nitoron in ya yi karo da sa'ansa a nauyi yana bar masa gudunsa, karo bayan karo, har ya koma tafiyar hawainiya. Mai saurin yakan wuce cibiya kafin ta kama shi, mai sannun ne ke faɗawa hannu. Nitoron da ya fito daga fashewar cibiya yana gudun wajen kilomita 20,000 a sakan. In ruwa ya ladabtar da shi, sai ya dawo kilomita 2 da ɗan kai, kuma a wannan hali damar da yake da ita ta fasa uraniyom mai fasuwa ta ninka sau ɗaruruwa.

A watan Disamba na 1938, a Balin, Otto Hahn da Fritz Strassmann suka harbi uraniyom da nitoron, suka tarar da bariyom a cikin abin da ya rage, alhali nauyin bariyom bai fi rabin na uraniyom da yawa ba. Hahn ya rubuta wa Lise Meitner, abokiyar aikinsa ta shekara 30, wadda ta gudu zuwa Suwidin ƴan watanni kafin nan saboda mulkin Hitila yana farautar masu asalin Yahudawa. Ita da ɗan ƴar'uwarta Otto Frisch suka warware matsalar: cibiyar ce ta haɗiye nitoron, ta yi rawa, ta rabe biyu. Suka lissafta ƙarfin da ke fita, ya fi na ƙonewar gawayi sau miliyoyi. An ba Hahn lambar Nobel ta 1944 shi kaɗai. Masana da yawa a yau suna ganin an yi wa Meitner rashin adalci, kuma da wuya a ce ba su da gaskiya.

Saura abu ɗaya. A 1939 Joliot da abokansa Halban da Kowarski suka tabbatar cewa kowace cibiya in ta fashe tana sakin nitoron sababbi, biyu ko uku. Waɗannan su fasa waɗansu, su ma su saki nasu. Wutar daji ke nan. In an bar ta ta ci yadda take so, bom ne. In an tsare ta yadda kowace fashewa za ta haifi ɗaya tak, murhu ne mai tafasa ruwa, tururi ya juya injin lantarki. Ana tsare ta da sanduna masu shanye nitoron, a tura su ciki wuta ta lafa, a jawo su ta tashi. Fermi ya kunna tukunya ta farko a Shikago ran 2 ga Disamba 1942. Ran 6 ga Agusta 1945 aka jefa bom a Hiroshima, kuma mafi yawan uraniyom ɗin da aka fara wannan shiri da shi daga Afirka ya fito, daga ramin Shinkolobwe a Katanga ta Kwango.

Bambancin nitoron uku

A 1957 masu neman jan ƙarfe suka ci karo da uraniyom a Azelik, cikin jihar Agadas. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a Arlit a 1971, COMINAK kuma a Akuta a 1978, daga rami mai zurfin mita 250 wanda aka rufe a watan Maris na 2021. A 1981 abin da Nijar ta fitar ya haura tan 4,000.

Sai dai uraniyom iri biyu ne a gauraye cikin dutse ɗaya. Duka poroton 92 gare su, launinsu ɗaya, halinsu a hannun mai narka ƙarfe ɗaya. Na farko yana da nitoron 146, jimla 238. Na biyu yana da 143, jimla 235. Nitoron mai sannu na biyun kaɗai yake fasawa, na farkon haɗiye shi yake yi ya yi shiru. Kuma a cikin kowace zarra 1,000 ta uraniyom, 7 ne kawai masu lamba 235. A tan guda na dutsen Arlit uraniyom bai wuce kilo kaɗan ba, cikin wannan kuma gram kaɗan ne a kowane kilo ake nema. Amma kilo ɗaya na 235, in ya fashe duka, yana ba da zafin da ya fi na tan 2,500 na gawayin ƙasa.

Mafi yawan tukwanen lantarki na duniya ba sa kamawa sai an ɗaga 235 daga 7 cikin 1,000 zuwa 30 ko 50 cikin 1,000. Na bom kuwa sai ya kai wajen 900. Saboda haka masu tsoron gangunan rawayan gari za su fashe a hanya su kwantar da hankalinsu ta wannan fuska: garin ba ya fashewa ko an jefa shi cikin wuta. Raba iri biyun nan shi ne babban aiki. Babu maganin da za a zuba ya ware su, tun da halinsu ɗaya. Sai a mai da uraniyom ya zama tururi, a sa shi cikin dubban tukwane masu juyawa da gudu na fitar hankali, mai nauyi ya ɗan matsa gefe, mara nauyi ya ɗan tsaya tsaka, a maimaita, a sake maimaitawa. Sheƙe ce irin ta masussuka, amma tsakanin tsaba da tsaba, bambancin nauyinsu 3 cikin 238. Ƙasashen da ke wannan sheƙe don kasuwa ba su da yawa: Rasha, Faransa, Sin, Ingila, Holan, Jamus da Amurka ne manyansu. Ƙasar da ke haƙar dutse tana sayar da hatsi a zangarniya, riba mai kauri da ilmi mai zurfi suna wurin mai sheƙe da mai dafawa. Faransa tana samun kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga tukwanen nukiliya. Su kuwa ramukan Arlit, da wutar gawayin Anu Araren, kusa da Cirozerin, aka yi ta haƙarsu tun 1981. Jami'in da zai zauna teburin ciniki kan uraniyom ya kamata ya riƙe wannan lissafi da ka.

Ya kamata kuma a bambanta haɗari da haɗari. Nitoron mai yawa yana kisa, kuma darma ba ta tare shi sosai, ruwa da kankare mai kauri ne maganinsa. Amma wannan damuwar ma'aikatan tukunya ce. Abin da ke barazana ga mahaƙi da iyalinsa shi ne ƙurar dutse, da wata iska mara wari mai suna radon da ke taruwa inda babu mashigar iska, da tsibin miliyoyin tan na dusar dutse da aka tara a bayan gari, da ruwan rijiyoyin da ke kusa da su. Rufe rami ba ya kawar da waɗannan, suna bukatar awo da tsaro na shekaru masu yawa.

Tukunyar da ba mutum ya gina ba

A 1972 ma'aikatan wani ɗakin awo a Faransa suka tarar 235 ya gaza kaɗan a wani uraniyom da aka kawo daga Oklo ta ƙasar Gabon: 0.717 cikin 100 maimakon 0.720. Da aka bi sawu, sai aka gane cewa wajen shekara miliyar 2 da suka wuce, sa'ad da 235 ya kai 3 cikin 100 a duwatsun duniya, ruwan ƙasa ya tsiyaya cikin jijiyar uraniyom, ya rage wa nitoron gudu, wuta ta kama da kanta. In ruwan ya tafasa ya ƙafe, sai ta mutu. In dutse ya huce ruwa ya komo, sai ta tashi. Haka ta yi ta yi shekaru dubu ɗaruruwa. Wannan ba zai faru a Arlit ko wani wuri yanzu ba, domin 235 ya fi 238 saurin ƙarewa, abin da ya rage bai isa ruwa ya kunna shi ba.

Abin da ruwa ke yi wa nitoron ya sami wani amfani a gonakin gero. Malaman gona suna da wata na'ura ta auna laima. Akan kafa bututun ƙarfe a gona, a zura wani ɗan kwando a ciki da igiya. A cikin kwandon akwai beriliyom, ƙarfen nan na gwajin Chadwick, haɗe da wani abu mai harbinsa, sai nitoron masu sauri su watsu cikin ƙasa. Busasshen yashi ba ya rage musu gudu sosai. In akwai ruwa, idorojen ɗinsa ya ladabtar da su, waɗansu su komo sannu, na'ura ta ƙirga su. Yawan masu komowa shi ne yawan laima, taki bayan taki, har zurfin da saiwar gero ke kaiwa da abin da ya wuce, ba tare da an tona gonar ba. Da irin wannan na'ura masu binciken shirin HAPEX-Sahel suka bi ruwan damina ta 1992 a gonaki da saurukan da ke kewayen Yamai, suna auna nawa ne ya nutse, nawa gero ya sha, nawa kuma rana ta kwashe.